Tayoyi Huɗu a Ƙarƙashin Bene

Ana saura kwana tara ya bar Riyad, Malam Idrisu ya durƙusa a ƙarƙashin benen gidan da yake haya a Shumaisi, ya jawo tayoyin nan guda huɗu ɗaya bayan ɗaya. Gwiwa ta yi ƙara, baya ya amsa, bai kula su ba. Kowace taya tana cikin jakarta ta leda mai kauri, ya kuma lulluɓe su da tsohon zanin gado, yadda ya saba yi musu shekara bakwai ke nan.

Shekararsa ashirin da takwas yana tuƙi a ofishin jakadancin wata ƙasar Turai, can cikin unguwar ofisoshin jakadanci. Bana ido ya fara yi masa hazo, sai ofis ya sallame shi cikin mutunci, da takardar yabo da agogon bango. Iƙama kuwa, wato takardar zama a ƙasar, ba ruwanta da mutunci. Aiki na ƙarewa ita ma ta ƙare. An buga masa huruj, fita ba dawowa, Kano ce ta rage. Komawa gida bai dame shi ba. Abin da ke cin ransa shi ne 'yarsa Bilƙisu, ita kaɗai Allah Ya ba shi, wadda zai bari a garin nan da mijinta da aikinta na ɗakin gwajin jini a wani asibiti can arewacin gari. Tun tana 'yar firamare shi ke kai ta ya ɗauko ta. Ko bayan ta yi aure ta koma Nasiriya, kullum da sassafe sai ya biya ya ɗauke ta kafin ya wuce nasa aikin. Yanzu za ta shiga titin Riyad ita kaɗai, titin da ko maza ke shiga da addu'a.

Shi ya sa ya ƙudurta abu ɗaya. Kafin ya hau jirgi, zai sa wa motarsa tayoyin nan, ya damƙa mata mukulli hannu da hannu.

Motar da tayoyin duk daga hannu ɗaya suka fito. Wani maigidansa ne, dogon Bature mai son gudu, ya zo da ita daga ƙasarsu: mota ruwan toka mai ƙofa huɗu, kwance da ƙasa, irin wadda kana taɓa totur take zabura. Da zai koma gida a shekarar 2012, ya bar wa Idrisu ita. Ranar kwashe kaya Idrisu ya ga tayoyi huɗu a lungun gareji, sababbi ful, zanensu ya yi zurfi har yatsa na shiga. Baturen ya ce masa waɗannan ba su da amfani a nan, da kuskure aka haɗo su cikin kayansa, ya zubar kawai. Idrisu ya ce to. Amma ai an san irin "to" ɗin da Bakano ke cewa idan aka ce ya zubar da sabon abu. A ransa cewa ya yi almubazzarancin Turawa ne, mutanen da ke yar da riga don maɓalli ɗaya ya cire.

A lokacin shekara guda ke nan da rasuwar matarsa Hansai. Ita Hansai tun Bilƙisu na da shekara goma ta fara tara mata kayan ɗaki a ƙarƙashin gado, yau kwano, gobe tangaran, jibi zannuwan gado, kamar yadda uwarta ta yi mata a Kano. Da ta tafi, tarin ya tsaya inda ta bar shi. Idrisu bai san kwano mai kyau ba, bai san atamfar kirki ba. Taya ya sani. Don haka ya ajiye waɗannan da sunan yarinyar, ko da yake a lokacin mace ba ta tuƙi a ƙasar, ya ce wa kansa ai za ta auri mai mota. Da auren ya zo, matan unguwa suka haɗu suka ƙarasa abin da Hansai ta fara, shi kuwa yana gefe, babu abu ɗaya a ɗakin da zai ce da hannunsa ya zaɓa. Mijin, Ghali, a-kori-kura yake ja, tayoyin ba sa shiga. Suka koma ƙarƙashin bene. Duk Juma'a bayan masallaci yakan fito da su ya goge, ya juya su, ta ƙasa ta koma sama. Sai ga shi bara an ba mata damar tuƙi, Bilƙisu ta shiga makaranta, mako uku da suka wuce lasinta ya fito. A ranar, Idrisu ya daɗe a gindin bene yana murmushi shi kaɗai.

Yau kuwa, tayoyi biyu ya cusa a but, biyu ya kwantar a kujerar baya. Sannan ya yi abin da yake yi kowace safiya tun yana yaron mota a Kano: ya zagaya motar daga dama, ya ɗora tafin hannunsa a kan kowace taya da bismillah, ya sa bakin mukulli ya ɓanɓare tsakuwar da ta maƙale a zane. Bai taɓa tayar da mota bai yi haka ba. Bai kuma taɓa runtsawa a motar da wani ke ja ba, ko da bas ɗin Makka ce, idonsa na kan titi ƙafarsa na taka birkin da babu.

Shagon Buraima na bayan kasuwar Shumaisi. Banshar ake ce wa irin shagon a nan, wurin faci da sayar da taya. Buraima mutumin Damagaram ne, shekararsa talatin cikin roba da iska, kuma tsakaninsa da Idrisu akwai wasan Kanawa da Damagarawa wanda ba ya ƙarewa. Ƙarfe tara na safe ne, amma watan Yuni ne, kwalta har ta fara wari.

"A'a, yau bawana ne da sassafe?" in ji Buraima. "An ce za a mayar da kai Kano. Wa zai riƙa yi mini aike?"

"Tashi ka yi aiki, Badamagare. Yau za ka taɓa tayar da ba ka taɓa gani ba. Wanke hannunka tukuna."

Buraima ya zare jaka ta farko yana dariya. Ya mirgino tayar bakin ƙofa inda haske yake, ya danna babban yatsansa a kan zanen, ya bi gefenta da hannu. Dariyar ta tsaya. Ya buɗe ta biyu, ya duba wuri ɗaya, ya buɗe ta uku. Sannan ya jawo benci ya ce, "Zauna, Malam Idi."

Idrisu bai so jin sunansa a bakin Buraima ba. In dai Badamagaren nan ya daina ce masa bawa, to maganar ba ta wasa ba ce.

"Ka ga wannan hoton?" Buraima ya nuna wani ɗan zane a gefen tayar, dutse mai kai uku da wani abu kamar fure a cikinsa.

"Tambarin kamfani ne."

"Ba tambarin kamfani ba ne. Wannan furen dusar ƙanƙara ce. Tayar sanyi ce, ta ƙasashen da titi ke daskarewa. Su can taya iri biyu suke ajiyewa, ta rani da ta hunturu, suna canzawa kamar yadda muke canza bargo. Robar wannan an yi ta da laushi don ta kama ƙanƙara. Taɓa ƙananan tsagar nan ka ji. Ka ɗora ta a kwaltar Riyad da azahar, sai ta saki jiki kamar man shanu a rana. Ka taka birki, motar ta ci gaba da tafiya. Sau ɗaya na taɓa ganin irinta, a motar wani daga unguwar jakadunku, a hanyar Dammam ta tarwatse masa. Allah ne Ya yi da sauran kwanansa."

"Ka dubi zanen," in ji Idrisu. "Ka dubi zurfinsa. Tayar da ba ta taɓa taka ƙasa ba."

"Na gani. Kuma ta fi ta motarka siranta, ɗari biyu da biyar ce, taka ɗari biyu da ashirin da biyar."

"Wannan na sani. Siririya ta fi rage shan mai."

"To zo ka ga wanda ka fi ni sani." Buraima ya kama yatsan Idrisu ya ɗora a kan wasu lambobi huɗu cikin ɗan zobe. "Uku, shida, ɗaya, ɗaya. Mako na talatin da shida, shekarar sha ɗaya. Shekara takwas, Malam Idi. Roba tana tsufa ko a kwance take."

Nan ne abin ya soke shi. Zancen ƙanƙara ba laifinsa ba ne, mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji. Amma zancen kwanan wata ya san shi sarai. Sau nawa ya mayar wa 'yan kasuwa taya saboda ta haura shekara biyu a sito, ya ce ba za a sa wa motar jakada ba? Sai ga shi Juma'a ɗari uku da wani abu yana goge waɗannan, hannunsa na bi ta kan lambobin, bai taɓa tsayawa ya karanta ba. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya biyo baya. Ya zauna a bencin ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ita na ajiye wa," ya ce. "Uwarta ta tara mata kwanuka. Ni abin da na tara ke nan."

Buraima ya jawo buta. Ya zuba shayi a ɗan kofi ya ajiye kusa da shi.

"Na ce mata ta zo ƙarfe goma ta karɓi mukulli," in ji Idrisu can. "Ka yi mini abu ɗaya. Kai waɗannan baya ka ɓoye. Ka sa mata wasu sababbi, mu ce su ne."

"Kai da bakinka, ka yi wa Bilƙisu ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne."

"Ƙarya ce mai hula," in ji Buraima. "Amma in ka ce a yi, a yi."

Sai dai ba su samu sun yi ba. Yarinyar ta gado ubanta wajen sammako. Tun goma saura kwata a-kori-kurar Ghali ta tsaya a bakin titi, Bilƙisu ta sauko cikin baƙar abaya, mijin ya ɗaga musu hannu ya wuce kasuwa. A Riyad aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai tana haɗawa da ciko.

"Baba, ina kwana. Baba Buraima, ina kwana, yaya shugul?"

"Aiki da godiya, 'yata."

"Kin yi sauri, Uwata," in ji Idrisu. Sunan mahaifiyarsa ta ci, bai taɓa kiran ta da Bilƙisu ba.

Ta dubi tayoyin a zube, jakunkunan a gefe, ta dubi hular da ke hannun ubanta. Ta tsuguna a gabansa ba tare da ta damu da baƙin man da ke ƙasa ba.

"Baba Buraima ya faɗa maka," ta ce.

Idrisu ya ɗago kai. "Ya faɗa mini me?"

"Cewa na salj ne. Na ƙanƙara." Ta sunkuyar da kai. "Na sani, Baba. Shekara uku. Wata Juma'a ka tafi masallaci, na buɗe ɗaya, na ga hoton dutsen, na duba a waya."

"Shekara uku kin sani, kika bar ni ina goge su kamar mahaukaci?"

"Wallahi sau da yawa na zo zan faɗa. Sai in same ka kana goge su kana magana a hankali. Na san da Mama kake magana. Ma gidirt, Baba. Na kasa."

Idrisu ya kau da kai wajen titi. Bai san tana ji ba. Gaskiya ne, a gindin benen nan yake ba Hansai labarin mako, wa ya haihu, wa ya koma gida, yarinyar ta ci jarrabawa. Idonsa ya cika, ya ce hayaƙin motoci ne. Buraima, wanda ba ya barin Bakano ya yi ƙarya ya tsira, yau ya bar shi.

"To yanzu ba ni da abin ba ki," in ji Idrisu. "Sai tsohuwar mota da tayoyin da suka cinye."

"Kana da shi. Ni ban san kafar ba." Ta gyara, "Taya. Ghali ma na a-kori-kura kawai ya sani. Cewa yake a sa mini manyan wili masu walƙiya, sha tara, don motar ta yi kyau. Kai za ka zaɓa mini. Kuma ka nuna mini yadda ake yi, don gaba in ba ka nan."

Buraima ya ga hanya, ya bi. Ya mirgino wata faffaɗar taya mai siririn gefe, ya jingina da motar. "Ai Ghali ya yi gaskiya. Irin wannan samari ke sa wa motar gudu yanzu. Ku dubi kyau."

"Kawar da abin nan," in ji Idrisu, ya mayar da hularsa. "Kyau za ta ci? Ka san hanyar da take bi? Tun da aka fara haƙan hanyar jirgin ƙasan nan, daga Nasiriya zuwa babban titi karkata uku aka yi wa hanya, kowace da farantin ƙarfe a ƙasa. Ga ramin bayan gidan mai, ga tudun da ke ƙofar asibitinsu. Wannan mai siririn gefen, mako biyu wili ya lanƙwashe, ta tsaya a titi da rana tsaka."

Ya miƙe ya buɗe ƙofar direba, ya nuna mata wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin. Idonsa ba ya ganin rubutun, amma ya haddace shi. "Karanta, Uwata."

"Ɗari biyu da ashirin da biyar, arba'in da biyar, sha bakwai."

"Na farko faɗi ne. Na biyu tsayin gefe. Na uku girman wili. Waɗanda suka ƙera motar sun fi ni da Ghali da wannan Badamagaren sani, kada ki bari kowa ya canza miki. Lambar da ke ƙasansu kuma ta iska ce, da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi."

Suka shiga cikin shagon, inda tayoyi ke jere har rufi. Nan aka ga Malam Idrisu na da. Ya sa Buraima ya sauko da takwas, ya mayar da huɗu. Yatsansa ke nemo wurin rubutun, ita ke karantawa. Ya nuna mata inda ake rubuta juriyar zafi, ya ce a garin nan in ba ta ga harafin A ba, ta ajiye tayar, ko mai shagon zai yi rantsuwa da kabarin ubansa. Ya nuna mata harafin gudu, ya ce ba don ta yi gudun ba, don tayar ta fi ƙarfin abin da za a nema a wurinta. Sannan ya kai yatsanta kan lambobin nan huɗu na cikin zobe.

"Wannan ki fara dubawa," ya ce. "Kafin zane, kafin komai. Kada ki yi irin ta ubanki."

"Ɗaya, huɗu, ɗaya, tara," ta karanta. "Na bana ne."

"Duba sauran ukun. Kowace da kanta."

Ta duba. Buraima ya sa jak ya ɗaga motar, ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, Idrisu na tsaye a kansa yana gyara masa aikin da ya shekara talatin yana yi. Da aka sauke motar, Idrisu ya zaro ɗan gejin iska daga aljihun gaba, mai kama da biro, wanda ya zo da shi daga Kano, ya haɗa da mukulli ya sa mata a hannu. Ya so ya yi dogon jawabi, ya ma shirya shi tun jiya. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah Ya tsare."

Buraima ya tattara tayoyin ƙanƙarar da ƙafa ya tura su gefe. "Waɗannan ku bar su nan, masu kwasar tsofaffi za su zo ranar Asabar."

"La, Baba Buraima," in ji Bilƙisu. Ta riga ta ɗauko jakar farko tana kakkaɓewa. "A mayar mini da su mota. Kayan ɗakina ne. Ba a barin kayan ɗaki a shago."

Buraima ya dubi Idrisu. Idrisu ya dubi ƙasa. Su biyun suka sa tayoyin a jaka, biyu a but, biyu a kujerar baya. A gidanta na Nasiriya ta jera su a ɗakin da kwanukan Hansai suke, ta rufa musu tsohon zanin gadon.

Ranar tafiya jirgin na azahar ne. Manyan kaya sun riga sun tafi ta jirgin kaya, saura jaka ɗaya da agogon bango. Bilƙisu ta kwana a Shumaisi don ta kai shi, Ghali zai same su a filin jirgi. Da hantsi Idrisu ya kulle ƙofar gidan ya miƙa wa mai gadi mukulli, ya juyo, ƙafarsa ta nufi ƙofar direba da kanta. Sai ya tsaya.

Bilƙisu na zagaya motar daga dama. Ta ɗora tafin hannunta a kan tayar gaba, leɓenta na motsi. Ta wuce ta baya. A ta uku ta tsuguna, ta sa bakin mukulli ta ɓanɓare wata 'yar tsakuwa, ta yar. Wannan bai koya mata ba, ko a shagon Buraima bai ambata ba.

"Wa ya nuna miki haka?"

"Shekara ashirin ina zaune a mota ina jiran ka gama, Baba. Har makara nake yi saboda shi."

Ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, ya rungume agogon a cinya. Ta tayar da motar, suka bi ta Nasiriya. A karkata ta farko ƙafarsa ta nemi birki, amma ta riga shi ragewa, tayoyin suka hau farantin ƙarfen suka sauka ba tare da ya ji a bayansa ba. Ramin bayan gidan mai ta kauce masa ta hagu, yadda shi yake yi. Ya buɗe baki zai ce ta kula da babbar motar da ke shigowa, sai ya ga idonta na kan madubi tuni, ya rufe bakinsa. Suka hau babban titin filin jirgi, rana na dukan gilas, sanyin mota na busawa, ƙarar sababbin tayoyi na tashi a hankali daga ƙasa. Ya jingina kansa da kujera don ya saurare su da kyau. Kafin su wuce gada ta biyu, barci ya ɗauke shi.